Kukan Yaya a Cikin Lasifika

Shafi na 31

Jama'a sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da masu cewa na gudu da labarin. Ban gudu ba, hannuna ne ba ya sauri. Masu cewa in tausaya wa Auta kuma, ku karanta wannan tukuna.

*

Da la'asar Yaya ta iso ɗakin taron, leda a hannu, tef ɗin awo rataye a wuyanta yadda ta baro shagon ɗinki.

Mai gadi ya tare ƙofa.

"Hajiya, sai da kati."

"Wanda za ku ba lambar yabon nan, ni na yi masa wanka har ya iya da kansa. Matsa mini."

Ya matsa.

Ƙaninta take nufi, Auta, wanda ta riƙe tun rasuwar iyayensu. Shi ke haɗa kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashin wasannin talabijin. Yau ake bikin karrama masu sana'ar wasannin talabijin, kuma kiɗansa ya kai zagayen ƙarshe. Kafin a faɗi wanda ya ci, sai an buga kowane kiɗa a kan dandamali, a gaban jama'a da kyamarori.

Ciki ana ta hidima. An jera kujeru an lulluɓe su da farin ƙyalle. Wasu na kan tsani suna gyara fitilu. Wayoyin wuta kwance a ƙasa an danne su da salatif. Makaɗa na ta gwada kayansu, kowa da nasa, ba mai jin wani.

Auta na hango ta ya taso da sauri.

"Yaya! Ai na ce zan aiko a karɓa."

"A karɓi me? Rigar da ban gwada a jikinka ba? So kake a haska ka duniya ta ce a duhu na ɗinka?"

"Ta yi daidai, na sani."

"Ka sani a ina? Saka."

Ya zura rigar a kan ta jikinsa. Ta ja baya ta dube shi, ta taɓe baki.

"Dubi wuya kamar na fiƙaƙƙen zakara. Ka ci abinci yau kuwa?"

"Na ci."

"Ƙarya. Miƙe hannu."

Ta jera fil-fil a leɓenta, ta kama hannun rigar tana naɗewa. Shi kuwa idonsa na can tsakiyar ɗakin, inda Injiniya ke zaune a gaban teburin sauti da kwamfutarsa.

"Yaya, mu fita waje mana. An fi haske."

"Fitilun nan ai sun fi rana. Tsaya cak."

"Akwai hayaniya ne."

"Ni da ke kwana da ƙarar keke? In ka ƙara motsi na soke ka."

Daga kan dandamali wata murya mai kauri ta tashi. Darakta ne, mai wasan da Auta ya yi wa kiɗan, tabarau a goshi, waya a kowane hannu.

"Injiniya! A gwada kiɗan kukan! Jaruma na hanya, ba na son ta zo ta tarar ba mu shirya ba!"

Kiɗan kukan ba wanda bai san shi ba. A wasan, inda wata uwa ta rasa ɗanta, goge da piyano na tafiya a hankali, sai kuka ya taso daga ƙarƙashinsu. Shi ya ɗaga Auta. Yaya dai ba ta taɓa kallon wannan wurin ba. Tun da ta binne tilon 'yarta Baƙuwa ba ta zama inda ake nuna mutuwar yaro. A wayoyin mutane kawai take jin gutsurensa.

Auta ya fizge hannu.

"Injiniya, dakata! Bari in zo!"

"Kai, zan soke ka fa!" Yaya ta riƙe shi gam.

Injiniya bai ji ba, abin ji na kunnensa. Kuma haka aikinsu yake, kafin a haɗa sauti sai an ji kowanne shi kaɗai, ganga ita kaɗai, piyano shi kaɗai. Makaɗa da hannu za su buga nasu. Muryar ce kawai za ta fito daga kwamfuta, kuma asalinta Auta ya ba shi, don ta fi fita tas a manyan lasifiku. Sai ya buɗe ta tsirara, babu kiɗa a kanta. Ya kuma ja ta baya kaɗan, daga inda ba a taɓa sakawa a talabijin ba.

Ƙiiiii...

Ƙarar ƙyaure, irin mai maƙalewa a ƙasa, sai an sa gwiwa an tura.

Hannun Yaya ya tsaya.

Takun silifas. Sai muryar mace, a sake, ba ta san komai ba.

"Baƙuwa, tashi ki sha. Na fifita miki, ya huce."

Shiru.

"Baƙuwa?"

Kwano ya faɗi a siminti, ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, kafin ya kwanta.

Sannan kukan.

Ya fito ta kowace kusurwa, ya daki rufi ya dawo. Na kan tsani suka tsaya. Mai goge ya sauke hannu.

"Kashe!" Auta ya yi ƙara. "Don Allah kashe shi!"

Aka kashe.

Fil-fil ɗin suka zubo daga bakin Yaya. Ana jin saukarsu a ƙasa.

"Ƙyaurena ne," ta ce a hankali.

"Yaya..."

"Kwanona ne."

"Yaya, ki bari in..."

Ta damƙi hannun rigar da fil ɗin da ke jiki, ta ja shi. Yana tuntuɓe da wayoyi tana ja. Ta tura shi wani ƙaramin ɗaki a bayan dandamali, mai madubi da tarin kujerun roba, ta banko ƙofa.

"Dube ni."

Ya kasa.

"Na ce dube ni! Muryar wa na ji?"

"Taki ce."

"Ranar me?"

Ya kau da kai.

"Ranar me, Auta? Bakinka ciwo yake?"

"Ranar da Baƙuwa ta rasu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta dafa tarin kujerun. Suka yi baya, ta sake su, suka watse a ƙasa. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ina riƙe da gawar 'yata kana ɗaukata?"

"Wallahi ba haka ba ne! Ba na ɗakin ma, na fita sayo magani. Rikodar ce na manta a kunne a kan taga. Kin san halina, komai ɗauka nake, ruwan sama, kukan kwaɗi..."

"Au, ni da kwaɗi ɗaya."

"Ba haka nake nufi ba."

"To ka manta. Na ji. Mantuwar ce ta ɗauke ni ta kai talabijin? Ƙafa gare ta?"

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

"Jaruma ce ta kasa kuka. Aka yi, aka yi, har aka sa mata albasa, sai atishawa. Darakta ya tasa ni a gaba a sitidiyo yana zagina, wai kiɗana ne ba ya taɓa zuciya. Washegari za a haska. Na ce bari in jiyar da shi irin kukan da ake nema. Jiyarwa kawai, wallahi. Yana ji ya ce a bar shi a nan."

"Ka bari."

"Na yanke sunanta. Na ja muryar ta yi kauri, na rufe ta da goge. Na ce ba mai ganewa."

"Ba mai ganewa," ta maimaita. "Sannu da dabara. Sannu, ɗan kirki."

"Ki yafe mini."

"Rufe mini baki! Ka san inda nake jin kukan nan?"

Ya girgiza kai.

"A shagona. Yaran ɗinki. In wani ya faɗo daga babur a bidiyo, shi suke ɗorawa. In akuya ta faɗa rijiya, shi. In ƙwallo ta wuce mai tsaron gida, shi. Maƙwabciyata shi ne ƙarar kiran wayarta. Kullum da safe mijinta ya kira, sai in ji ta katanga."

Ta matso kusa da shi.

"Rannan suka nuna mini wani ƙato da kujera ta karye da shi a wurin biki, aka ɗora kukan. Na yi dariya, Auta. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce su maimaita mini!"

Ta buga ƙirjinta da tafin hannu.

"Ni! Na ce su maimaita!"

"Yaya, don girman Allah..."

"Ka sa na yi wa mutuwar 'yata dariya. Kuma kana zuwa gidana kana cin abincina, kana cewa Yaya ƙara mini miya. Da wane baki?"

Hawaye na zuba a kan sabuwar rigar. Bai goge ba.

Ta tsaya tana huci. Can sai ta ƙanƙance ido.

"Tsaya ma. Me ya kai rikodarka tagar ɗakina tun farko?"

Ya buɗe baki.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Darakta ya shigo, turarensa ya riga shi.

"Mai Kiɗa, wane irin shirme ne wannan? Ka tsayar mini da gwaji, ka zo ka zauna a ƙasa kamar mai bara? Hajiya, lafiya?"

"Yayata ce," in ji Auta.

"To madalla. Hajiya a ba ki kujera a gaba. Tashi mu je."

"Muryarta ce."

Darakta ya tsaya. Ya dubi Auta, ya dubi Yaya. Ya sauke tabarau daga goshi ya mayar.

"Kukan? Nata ne? Na gaske?"

Auta ya gyaɗa kai.

"Allahu Akbar!" Ya tafa hannu da wayoyinsa. "Na faɗa! Tun ranar na ce wannan ba kukan haya ba ne. Yayarmu! Ashe ke ce kika hana mutane barci! Kai Mai Kiɗa, kana zaune da irin wannan labari ka ɓoye mini?"

"'Yata ce ta mutu," Yaya ta ce.

"Allah ya jiƙanta, Allah ya sa mai ceto ce. Amma ki duba ikon Allah. Yarinyar nan ba ta tafi a banza ba. Ga shi ta dalilinta..."

"Kada ka ƙarasa."

"Alheri nake faɗa."

"Na ce kada ka ƙarasa!"

Ya ɗaga hannu yana murmushi.

"To, to. Ga shawara. In Jaruma ta gama nata, sai a kira ki. Ba sai kin ce komai ba. Ki tsaya kawai, a haska fuskarki."

"In Jaruma ta gama me?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Ai shi ne babban wurin," in ji Darakta. "Za a kashe fitilu duka. Ta fito da farar riga, ta durƙusa a tsakiya. Goge ya fara. In an zo wurin sai ta buɗe baki, Injiniya ya saki muryar. Ita ma tana cikin 'yan takara, ai kukan nan ne ya kai ta."

"Ta buɗe baki."

"Ƙwarai."

"Kukana ya fito."

"Ba mai ganewa, ta ƙware."

"A tafa mata."

"Har a miƙe tsaye, in sha Allahu."

Yaya ta cire tef ɗin awo daga wuyanta. Ta naɗe shi a hannu a hankali, zagaye bayan zagaye, har yatsunta suka yi fari.

"Kana da 'ya'ya?"

"Alhamdulillahi."

"Allah ya raya su. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka iya wannan kukan. Amma yau ba za a saka nawa ba."

Murmushin ya bar fuskarsa.

"Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba maganar gida ba ce. Gidan talabijin ya kafa kyamarori. Manyan mutane na hanya. Kiɗan wasana ne."

"Maƙogwarona ne."

"Ba da ke na yi aiki ba." Ya juya. "Kai, tashi. Ka yi wa yayarka bayani da yaren da take ji. In aka cire kukan nan me ya rage? Goge da piyano? Wa zai ba ka lamba a kan wannan? Kuma ka ji da kyau, ka kunyata ni yau, ka gama a sana'ar nan. Ko tallan sabulu ba wanda zai ƙara kiranka. Ni na ɗauko ka kana buga piyano a gidajen biki ana ba ka ragowar lemo."

"Ni kuma na ɗauko shi yana fitsarin kwance," in ji Yaya.

Ta durƙusa a gaban Auta, ta ɗago haɓarsa da yatsa.

"Ba zan yi maka baki ba, don Inna ta bar mini kai amana. Magana ɗaya ce. In kukan nan ya fita ta lasifikar can yau, ka nemi wata yayar. Kada ka zo gidana. In na mutu kada ka ɗauki makarata."

"Yaya!"

"Na gama."

Daga waje ana jin mai ganga na gwada fata, dum, dum.

Auta ya miƙe. Ya raɓa ta gefen Darakta ya fita.

"Ina za ka? Mai Kiɗa! Da kai nake!"

Suka bi shi. Ya ratsa tsakanin fararen kujerun, hannun riga ɗaya a naɗe, ɗaya na lilo, har teburin sauti.

"Injiniya, cire muryar."

"Kada ka taɓa!" Darakta ya daka tsawa.

Injiniya ya sauke abin ji zuwa wuyansa.

"Shi ya kawo mini, ranka ya daɗe."

"Ni na ɗauke ka aiki!"

"Masu taro suka ɗauke ni."

Ya danna. Layin muryar ya ɓace daga fuskar kwamfutar.

"An cire."

Auta ya juyo wurin Yaya kamar yaron da ya wanke kwanuka yana jiran a ce ya kyauta.

"Cirewa na ce?" ta tambaya. "A goge. Nan, da duk inda ka ajiye. Ina rikodar?"

Hannunsa ya tafi aljihun wando da kansa.

"Kawo."

"Yaya, wannan kam..."

"Kawo in taka ta da ƙafata."

"Ba zan iya ba."

Har na kan tsani suka sauko.

"Me ka ce?"

"Ki ce in bar sana'ar, na bari. Ki ce in fita yanzu, mu tafi. Amma ba zan goge ba."

Tas!

Marin ya yi ƙara har mai goge ya dafe nasa kuncin.

"Don guntun ƙarfen da za su ba ka? Don a kira sunanka a tafa? Ajiye ni za ka yi sai wani wasan ya zo, in wata ta kasa kuka ka ciro ni?"

Ta kama wuyan rigar da ta ɗinka da hannunta, ta ja. Zaren ya bi, ƙeeet, har ƙirji.

"Baƙuwa na ciki!" ya ce da ƙarfi.

Hannunta ya saki.

"Kin tambaye ni me ya kai rikodar tagarki. Ita ta ce in ɗauke ta. Kin shiga dama mata abin sha, ina zaune da ita. Zazzaɓin ya ɗan sauka. Ta ce Kawu, kunna abinka in yi wa Mama waƙa. Ta yi. Ta yi surutu. Sai ta ce barci take ji. Na ajiye a taga na fita sayo maganin. Abu ɗaya ne, Yaya. Ita ce a farko, ke ce a ƙarshe."

Yaya ta yi baya taku ɗaya. Ta dafa kujera.

"Muryarta."

"E."

"Tana nan. A aljihunka."

"E."

"Tun ranar."

Ya gyaɗa kai.

Wallahi da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Ƙasa-ƙasa ta yi maganar.

"Lokacin da wayata ta faɗa ruwa, komai nata ya tafi, na zo ɗakinka. Ka tuna?"

"Na tuna."

"Na zauna a bakin katifarka. Na ce Auta, kai da ke ɗaukar kukan kwaɗi, ba ka da muryar Baƙuwa ko kaɗan? Na ce maka na fara manta yadda take kirana. Me ka ce mini?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me ka ce mini?"

"Na ce babu."

"Ka ce babu."

"A lokacin an riga an haska wasan. In na ba ki farkon za ki tambayi ƙarshen. Na ji tsoro."

"Ka ba duniya kukana, ka hana ni 'yata."

"Yaya..."

"Kada ka ƙara kirana. Injiniya."

"Na'am, Hajiya."

"Wanda ya ba ka, da farkon a ciki?"

"Dogo ne sosai. Ban saurara ba."

"Saka mini."

Injiniya ya cire abin jin daga wuyansa, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa mata.

"Da wannan za ki ji. Ke kaɗai."

Ta ɗora a kan ɗankwalinta. Ya ja abin can farko, ya danna.

Tari ƙarami. Motsin zanin gado.

"Kawu, ya fara? Jar wutar ce? To ka yi shiru, kai ba ka iya ba."

Yaya ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Mama! Mamaaa! Kada ki sa da zafi! Kawu, in ta zo ka ce ba ni ba ce, ka ce rediyo ne."

Sai dariya. 'Yar dariyar nan mai ƙarewa da shaƙuwa. Sai waƙar, wadda ba ta da kai ba ta da gindi, ta kyanwa da ta saci takalmi.

Yaya ta zame ta zauna a ƙasa tsakanin wayoyin wuta, ta danne abin jin a kunnuwanta kamar za a ƙwace. Ba ta yi ƙara ba. Kafaɗunta kawai ke rawa. Leɓenta na bin waƙar.

Makaɗa suka kau da kai. Mai gadi da ya leƙo ya koma.

Mutum ɗaya ne bai kau da kai ba.

"Subhanallah," Darakta ya ce a hankali. "Dubi fuska. Wace jaruma za ta ba ka wannan?"

Auta ya waiwaya. Wayar Darakta na sama, ya saita ta a kan Yaya.

"Sauke wayar nan."

"Matsa, kana tare mini haske."

Auta ya shiga tsakani, yagaggiyar riga a jikinsa, shatin yatsu a kumatu.

"Na ce ka sauke!"

"Yau kuma ni kake ɗaga wa murya? Kai ka fara ɗauka, ɗan ƙanena, ni ƙarasawa nake." Ya sauke wayar ya jefa a aljihu. "Ku goge na kwamfuta, ku taka rikoda, ku ƙone ta ma. Kukan yana wayata. Yana wayar mai gadin can. Yana wayar duk wanda zai shigo ɗakin nan. In Injiniya ya ƙi, ina da mai jona mini. Jaruma za ta durƙusa, za a saki murya, za a tafa. Wanda bai so ba ga ƙofa nan."

Kamar jira ake, aka buɗe manyan ƙofofin baya. 'Yan jarida ne a gaba da kyamarori a kafaɗa. Bayansu baƙi, an sha ado, ana gaisawa ana dariya, ana neman wurin zama.

Can cikinsu wayar wani mai farar hula ta yi ƙara.

Kukan ne.

Mai wayar ya ɗauka yana cewa, "Na iso, na iso, ina ciki."

Yaya ta riga ta zare abin jin. Ta ji.

Ta miƙe. Ta ajiye shi a kan tebur a hankali. Ta goge fuskarta da bakin mayafi, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta miƙa wa Auta hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya ciro rikodar ya sa mata. Ta cusa ta cikin rigarta, daidai ƙirji.

Sannan ta nuna makirufon da ke gaban Injiniya, wanda yake yi wa 'yan dandamali magana da shi.

"Wannan, har ƙofa ake ji?"

"Har titi, Hajiya."

Ta ɗauka.

"Ke! Hajiya!" Darakta ya yo kanta. "Ajiye wannan! Injiniya, kashe mata!"

Injiniya ya dubi Darakta. Ya dubi Yaya. Hannunsa na kan maɓallin, bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba.

Auta ya miƙa hannu ta kan kafaɗarsa, ya tura abin har ƙarshe.

Lasifikun suka yi ƙara. Duk ɗakin ya juyo. Kyamarori suka juyo.

"Salamu alaikum," in ji Yaya, muryarta ta daki rufi ta dawo. "Kai mai farar hula, da wayarka ta yi kuka yanzu. Kada ka zauna tukuna. Ka san ko muryar wa ce?"